Ɗigo Biyu da Dukiyar da Aka Tara Dominsu

A watan Mayu na shekarar 1988, sa'ad da wakilan ƙasashe suka hallara a birnin Jeneba domin babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, suka ƙulla niyyar kawar da cutar shan inna daga bayan ƙasa kafin ƙarshen shekarar 2000, ƙiyasin da masana suka gabatar musu shi ne cewa cutar tana shanye gaɓoɓin yara kimanin 350,000 a kowace shekara, cikin ƙasashe 125, watau kusan yaro dubu ke nan a kowace wayewar gari. Wa'adin ya zo ya wuce ba a cika alkawari ba, aka ɗibi wani shi ma ya shuɗe, har waɗansu suka soma yi wa aikin kallon abin da ba shi da ranar ƙarewa; amma mai adalci ba zai manta ba cewa a shekarar 2023 yara 12 kacal ƙwayar cutar ta asali ta nakasa a duniya baki ɗaya, shida a Pakistan, shida a Afganistan. Tsakanin wancan adadi da wannan akwai dukiya mai yawa da aka tara, da rayuka da aka rasa, da amana da ta ɓaci aka sha wahalar gyara ta, kuma mu mutanen Arewacin Nijeriya muna cikin waɗanda tarihin nan ya fi shafa.

Abin da ya ƙarfafa zukatan masu wancan taro shi ne nasarar da aka samu a kan agana, wadda aka tabbatar da ƙarewarta a 1980, bayan ta shafe ƙarnoni tana makantar da mutane tana halaka su. Mutum na ƙarshe da agana ta kama ta hanyar yaɗuwarta ta ɗabi'a, wani ma'aikacin asibiti ne a garin Marka na ƙasar Somaliya, Ali Maow Maalin, a 1977, kuma da Allah Ya tashi kafaɗunsa sai ya shiga aikin rigakafin shan inna, yana cikinsa har ajali ya same shi a 2013. Sai dai shan inna ta fi agana wuyar kamawa, domin agana takan bayyana a fuskar duk wanda ta kama, alhali kuwa ƙwayar shan inna tana shiga ta baki ne, cikin ruwa ko abincin da najasa ta gurɓata, ta hayayyafa a hanji, ta fita ta kama wani, ba tare da mafi yawan masu ɗauke da ita sun san suna ɗauke da kome ba. Cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, wajen ɗaya ne take kaiwa ga lakarsa ta kashe jijiyoyin motsi, ƙafa ta saki, wani lokaci har da naman da ke jan numfashi. Saboda haka idan aka ga yaro ɗaya ya gurgunce a unguwa, masana sukan ɗauka cewa ɗaruruwa suna yawo da ita a ɓoye. Idan kuwa ta riga ta shanye ƙafa, babu wani magani da zai komar da ita yadda take, kuma wannan shi ne sababin da ya sa dukkan himma ta koma ga rigakafi.

Asalin tara kuɗi domin yaƙar wannan cuta yana ƙasar Amurka, inda a farkon rabin ƙarni na 20 takan sauka kowace bazara, a rufe wuraren wanka da gidajen kallo, iyaye su tsare 'ya'yansu a gida cikin fargaba, asibitoci kuma su cika da yaran da aka sa cikin wata na'ura mai kama da ganga, wadda ake kira huhun ƙarfe, tana yi musu numfashi. A 1952 kaɗai ta kama mutane fiye da 57,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 3,000, ta nakasa fiye da 21,000. Shugabansu Franklin Roosevelt, wanda ƙafafunsa suka shanye tun 1921 yana ɗan shekara 39, shi ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar a 1938, ya ɗora amininsa lauya Basil O'Connor a kanta. Hikimar da suka yi, wadda ta cancanci a tsaya a kanta, ita ce ba su dogara ga attajirai kaɗai ba. Sun roƙi kowane mutum, babba da yaro, ya aiko da sule guda na santi 10, aka sa wa wannan yekuwa suna March of Dimes, watau jerin gwanon sulalla, kuma a karon farko sulalla fiye da miliyan biyu da rabi suka kwarara cikin ambulan zuwa fadar shugaban ƙasa. Daga baya, a 1950, matan birnin Finiks suka ƙago wata dabara, suka ce duk gidan da ke da abin bayarwa ya kunna fitilar ƙofarsa da dare, su kuma su bi gida gida suna karɓa, sauran garuruwa suka kwaikwaye su.

Da wannan kuɗi na talakawa aka biya wa marasa lafiya jinya, da shi kuma aka riƙe ɗakunan bincike har Dakta Jonas Salk ya haɗa allurar rigakafi daga ƙwayar cutar da aka kashe. Aka gwada ta a 1954, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin miliyan 1.8, ranar 12 ga Afrilu 1955 kuma aka shelanta a Jami'ar Mishigan cewa ta yi aiki. Salk bai yi rajistar mallakar wannan allura don ya yi arziki da ita ba. Bayan 'yan makonni kaɗan wani kamfani ya yi kuskure wajen haɗa nasa kason, ƙwayar ba ta mutu sarai ba, yara wajen 200 suka nakasa, 10 suka rasu. Hukuma ta fito ta faɗi gaskiya, ta dakatar da aikin, ta tsananta bincike, sa'an nan aka ci gaba. Na kawo wannan ne domin a gane cewa tun ranar farko rigakafin nan yana tafiya ne bisa yardar iyaye, kuma yardar ba ta ɗorewa sai da faɗin gaskiya.

Abin da ya sa aka iya ɗaukar rigakafi zuwa rugage da tsibirai da kan duwatsu kuwa shi ne aikin Dakta Albert Sabin, wanda ya raunana ƙwayar maimakon ya kashe ta, ya mai da rigakafin abin da ake ɗigawa a baki. An gwada shi a kan miliyoyin mutane a Tarayyar Sobiyet tun 1959, tare da masaninsu Mikhail Chumakov, a lokacin da gaba take tsakanin ƙasarsu da Amurka. Fa'idarsa a sarari take: yana da araha ƙwarai, ba ya bukatar allura ko ma'aikacin jinya, duk wanda aka koya wa na yini guda zai iya ɗiga shi, kuma da yake a hanji yake gina garkuwa, yana tare wa ƙwayar hanyar wucewa daga yaro zuwa yaro. Sharaɗinsa ɗaya mai nauyi shi ne sanyi, domin zafi yana lalata shi, shi ya sa ake ganin ma'aikata da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, kuma kowace 'yar kwalba tana ɗauke da wani tambari mai sauya launi idan zafi ya taɓa ta.

Ƙungiyar Rotary, wadda ta ƙunshi 'yan kasuwa da likitoci da malamai da sauran masu sana'a a garuruwan duniya, ita ta ɗauki tutar sadakar daga hannun mutanen Amurka ta kai ta sauran ƙasashe. Ta fara da ƙasar Filifin a 1979, inda ta ɗauki nauyin rigakafin yara miliyan 6. A 1985 ta buɗe asusun da ta kira PolioPlus, ta yi burin tara dala miliyan 120, sai ga shi a 1988 'ya'yanta sun tara miliyan 247. Wannan dukiya da ta riga ta zo hannu tana cikin manyan hujjojin da suka sa ministocin da suka taru a Jeneba suka yarda cewa maganar mai yiwuwa ce. Aka kafa haɗin gwiwa tsakanin Rotary da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, daga baya gidauniyar Bill Gates da ƙawancen rigakafi na Gavi suka shigo. Har yau 'yan Rotary suna tara dala miliyan 50 a shekara, ta hanyar liyafa da tseren keke da tattaki da ɗan abin da mutum ya ciro daga aljihunsa, musamman a ranar 24 ga Oktoba da aka keɓe domin cutar, gidauniyar Gates kuma tana ɗora dala biyu a kan kowace dala ɗaya, jimla ta zama miliyan 150. Abin da Rotary ta zuba daga farko zuwa yau ya haura dala biliyan 2. Mafi yawan masu bayar da wannan kuɗi ba su taɓa ganin yaran da aka ɗiga wa maganin ba, ba su san harshensu ba, ba addininsu ɗaya ba, kuma ina ganin ya wajaba ga mai mutunci ya ambaci wannan alheri da sunansa.

Nasarori suka biyo juna. Nahiyar Amurka, inda har aka riƙa tsagaita wutar yaƙin basasa a ƙasar Salbado domin a yi wa yara rigakafi, ta sami shaidar kuɓuta a 1994, yankin yammacin tekun Fasifik a 2000, Turai a 2002. Indiya, wadda masana da yawa suka ɗebe tsammani daga gare ta saboda cunkoson jama'a da ƙarancin tsabtar ruwa a jihohin Uttar Pradesh da Bihar, ta riƙa fitar da ma'aikata fiye da miliyan 2 su ɗiga wa yara wajen miliyan 170 cikin 'yan kwanaki, ta nemi taimakon malaman Musulunci da Jami'ar Aligar wajen lallashin iyayen da suke ɗari-ɗari, har ta ga yaronta na ƙarshe da cutar ta kama a watan Janairu 2011.

A Afirka, Nelson Mandela ne ya buɗe yekuwar a 1996, lokacin da ake ƙiyasin cutar tana nakasa yaran nahiyar 75,000 a shekara, kuma aiki yana tafiya har zuwa 2003, sa'ad da al'amari ya tsaya cik a ƙasarmu. A wannan shekara maganganu suka yaɗu cewa an gauraya maganin da abin da ke hana haihuwa, waɗansu shugabannin addini da likitoci suka goyi bayan a dakata, jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka tsayar da rigakafin, Kano kuwa ta yi kusan shekara guda ba ta komo ba. Ba daidai ba ne a ba da wannan labari kamar jahilci ne kaɗai ya haife shi. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, waɗansu suka nakasa, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi iznin iyayensu yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga kuma yaƙin Iraƙi da ya ɓarke a wannan shekara ta 2003, wanda ya cika zukatan Musulmi da mugun zato ga duk abin da ya fito daga Yamma. Ga wata tambaya kuma da talaka ya riƙa yi, wadda har yau ba ta rasa ƙarfinta ba: me ya sa ake biyo shi har ɗaki da wannan magani kyauta, alhali in zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ya kama ɗansa, sai ya je asibiti ya tarar babu ko ƙwaya ɗaya sai ya saya?

Duk da haka, fahimtar sababin shubuha ba ya mai da ita gaskiya, kuma farashin da aka biya yara ne suka biya shi da ƙafafunsu. An aika da maganin ɗakunan bincike a gida da waje, aka tura tawaga ƙasashen ƙetare, daga ƙarshe gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta yarda da wanda aka sarrafa a Indunisiya, ƙasar Musulmi, aka komo aiki a watan Yuli 2004. Kafin nan ƙwayar ta riga ta tsallaka iyaka, ta bi hanyoyin fatauci da na ziyara, ta sake kama ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, ta ratsa Chadi da Sudan, ta haye Bahar Maliya zuwa Yaman, ta kai har Indunisiyar kanta a 2005. A Nijeriya kuwa yaran da ta nakasa a 2006 sun haura dubu. Waɗannan yara yanzu sun zama samari da 'yan mata, suna nan cikinmu, kuma duk mai shakkar abin da dakatawar nan ta haifar yana iya ganinsu.

Gyaran ya zo ne ta hannun waɗanda jama'a suka sani suka kuma yarda da su. A 2009 gwamnoni suka sa hannu a kan alkawarin Abuja, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar kuma ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya matakin farko, umarni ya riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, wanda ya san kowane gida da adadin yaran da ke cikinsa. Malamai suka yi bayani a kan mumbari cewa neman kariya kafin cuta ta sauka yana cikin riƙon sababi wanda ba ya warware tawakkali, kuma kiyaye rai da lafiyar zuriya yana cikin manyan manufofin shari'a. Aka ɗauki dubban mata daga cikin unguwanninsu, waɗanda suke iya shiga gidan kulle su zauna da uwar ɗaki, su san ranar suna, su san jaririn da aka haifa jiya. Waɗanda cutar ta nakasa su ma suka kafa ƙungiyoyi, suka riƙa bin ma'aikata a kan kekunansu na hannu, domin uban da ya ƙi jin maganar likita ya dubi wanda abin ya faɗa wa. Aka kuma soma kafa sansanonin duba marasa lafiya a lokacin zagaye, ana ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki da sabulu, domin a ba da amsa, ko da kaɗan ce, ga waccan tambaya ta talaka.

Wajibi ne a tsaya a kan matan nan, domin duk biliyoyin da ake ambata a manyan tarurruka, a hannunsu suke ƙarewa. Su ne suke fita da sassafe da akwatin ƙanƙara, su yi sallama a ƙofa, su ɗiga ɗigo biyu a bakin duk yaron da bai kai shekara biyar ba, su shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsansa na hagu, su rubuta alama da alli a jikin bango, su wuce gida na gaba, a kan ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba. Sun sha zagi, an sha rufe musu ƙofa. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka buɗe wuta a wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano, suka kashe ma'aikatan rigakafi tara. Allah Ya jiƙansu, Ya sa aikin da suka mutu a kansa ya zama hujja gare su. Waɗanda suka rage ba su ajiye akwatunansu ba.

A 2012 Nijeriya ce take da yara 122 daga cikin 223 da cutar ta nakasa a duniya, watau fiye da rabi. Bayan shekara biyu, a watan Yuli 2014, aka ga na ƙarshe a jihar Kano, a ƙaramar hukumar Sumaila, har aka cire sunan ƙasar daga jerin masu fama da ita a 2015. Sai ga shi a 2016 ta sake bayyana a Borno, cikin yaran da suka fito daga yankunan da Boko Haram ta hana kowa shiga shekara da shekaru. Aka koma aka ɗaura ɗamara, ana tare yara a tasha da kasuwa da sansanin 'yan gudun hijira da tsibiran tafkin Chadi, tare da Nijar da Kamaru da Chadi, har ranar 25 ga Agusta 2020 hukumar da Farfesa Rose Leke ta Kamaru take shugabanta ta shaida cewa yankin Afirka ya kuɓuta daga ƙwayar ta asali. Cikin nau'o'inta uku, na biyu an yi masa ganin ƙarshe a Indiya a 1999, na uku kuwa a jihar Yobe a watan Nuwamba 2012. Na ɗaya kaɗai ya saura.

Inda ya saura kuwa, a Pakistan da Afganistan, mas'alar amana ce ta sake tasowa da fuska mafi muni. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da wani likita da rigakafin ƙarya na ciwon hanta a garin Abbottabad domin neman Usama bin Ladan, kuma ko da yake ba na shan inna ba ne, wannan yaudara ta ba masu ƙin rigakafi hujjar da suka daɗe suna nema. Ba na jin akwai uzurin da zai wanke wanda ya sa rigar mai magani don ya yi leƙen asiri, domin ya jefa kowace ma'aikaciya da ke bin gidaje cikin zargi. A 2012 masu bindiga suka haramta rigakafin a Waziristan ta Arewa, aka shiga kashe ma'aikata da 'yan sandan da ke raka su, a 2014 yara 306 suka nakasa a Pakistan. Aka sake ja da cutar baya har ta koma yaro ɗaya a ƙasar a 2021, sa'an nan ta sake ɗagowa, a 2024 aka ƙidaya 74 a Pakistan da 25 a Afganistan. Ko a 2021 da 2022 ƙwayar da asalinta Pakistan ce ta nakasa yara a Malawi da Mozambik, abin da ya nuna cewa shaidar da Afirka ta samu ba katanga ba ce.

Ƙasashen Musulmi da attajiransu sun shigo wannan aiki da dukiya da fatawa, kuma shigowarsu ta rage kaifin zargin cewa abin na baƙi ne. A 2013 aka kafa majalisar shawara ta malamai wadda ta haɗa Azhar da Cibiyar Fiƙihu ta Duniya da Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, bankin kuma ya ba Pakistan rancen gudanar da rigakafi. A Abu Dhabi, a watan Afrilu na wannan shekara ta 2013, masu bayarwa suka yi alkawarin dala biliyan 4, Saudiyya kuma ta yi alkawarin miliyan 500 a 2024. A gida, gidauniyar Alhaji Aliko Ɗangote ta haɗa hannu da ta Gates da gwamnatin Kano, daga baya da waɗansu jihohin Arewa, bisa sharaɗin cewa kason masu taimako zai riƙa raguwa kowace shekara, na jiha yana ƙaruwa, har jiha ta ɗauki kayanta. Akwai ma wata dabara da aka yi da Japan, wadda ta ranta wa Nijeriya kimanin dala miliyan 76 a 2014, gidauniyar Gates ta ɗauki alkawarin biyan bashin in ƙasar ta cika sharaɗin yawan yaran da za a kai gare su. Ta cika, gidauniyar kuma ta ɗauki biyan.

Akwai wata magana mai nauyi da bai halatta a ɓoye ta ba, domin ɓoye irinta shi ke haifar da jita-jita. Ƙwayar da aka raunana a cikin ɗigon baki tana fita cikin bayan gidan yaron da aka ba, kuma a garin da mafi yawan yara suka sami rigakafi ba ta samun wurin zama, sai ta mutu. Amma inda aka bar yara da yawa ba kariya, takan yi ta yawo daga hanji zuwa hanji wata da watanni, har ta rikiɗe ta komo da ƙarfinta, ta nakasa yaro kamar ta asali. Bayan da aka janye nau'i na biyu daga cikin ɗigon a ƙasashe 155 a watan Afrilu 2016, wannan rikiɗaɗɗiyar ƙwaya ta bazu fiye da yadda masana suka zata, har a 'yan shekarun nan yaran da take nakasawa suka fi waɗanda ta asali take nakasawa yawa. Ita ce aka gano a ruwan kwatamin Landan a 2022, ita ta gurgunta wani saurayi a jihar New York a wannan shekara, ita kuma ta kama wani jariri a Gaza a 2024 bayan yaƙi ya rushe asibitoci da hanyoyin ruwa, har aka tsagaita wuta na sa'o'i aka ɗiga wa yara fiye da rabin miliyan. An haɗa sabon ɗigo wanda bai cika rikiɗewa ba, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen farko da suka yi amfani da shi a 2021. Yaron da ya sami cikakken rigakafi yana da kariya daga ƙwayoyin biyu. Wanda aka ɓoye a ɗaki ranar zagaye, shi ne abin ya fi zama haɗari a kansa.

Masu cewa dukiyar nan da an kashe ta a kan zazzaɓi da tamowa da ruwan sha da ta fi amfani, maganarsu tana da gefen gaskiya, kuma bai kamata a amsa musu da tsawa ba. Sai dai kayan aikin da aka gina domin shan inna sun yi wa waɗansu cututtukan aiki: ɗakunan gwaji na Ibadan da Maiduguri, da hanyar sanyi da ke kai alluran ƙyanda da sanƙarau ƙauyuka, da ma'aikatan sa ido da ke bincikar duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya. Lokacin da Ebola ta sauka Legas a watan Yuli 2014, da tsarin cibiyar gaggawa ta shan inna da ma'aikatanta aka bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu ciwon, aka tsayar da annobar a kan mutum 20 a ƙasar baki ɗaya. Ban da haka, cutar da aka kawar gaba ɗaya kuɗinta ya ƙare har abada, kamar yadda aka daina yi wa jama'a rigakafin agana na yau da kullum, alhali wadda aka bari saura kaɗan kullum sai an biya mata.

Wahalar da ake ciki yanzu ita ce, a zamanin Roosevelt mai ba da sule ya san yaron maƙwabcinsa da ke kwance cikin huhun ƙarfe, yau kuwa ana roƙon mutane su ba da dukiya domin cutar da ba su taɓa gani ba, a daidai lokacin da kaiwa ga yaro na ƙarshe, a bayan dutse ko a dajin da 'yan bindiga suka mamaye, ya fi kowane lokaci tsada. A watan Janairu 2025 Amurka ta ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗansu ƙasashen Turai suka rage taimakon da suke bayarwa, masu tafiyar da shirin kuma suka bayyana cewa dole su tsuke kasafinsu. A fahimtata wannan aiki yana da hukuncin farilla ta kifaya, wadda in waɗansu suka tsaya da ita ta sauka daga wuyan saura, in kuwa masu tsayuwar suka gaji, sai ta komo kan wanda abin ya fi kusa da shi. Mu ne abin ya fi kusa da mu, domin rikiɗaɗɗiyar ƙwayar tana nan tana yawo a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina da Kano, jihohin da yara da yawa ba su taɓa samun ko allura ɗaya ta rigakafin yau da kullum ba. Gwamnonin waɗannan jihohi suna da ikon sakin kasonsu na kuɗi a kan kari, su biya matan da ke bin gidaje haƙƙinsu ba tare da jinkiri ba, su sa magani da ma'aikaci a asibitin ƙauye. Attajiranmu kuma, waɗanda ba su gaza wajen gina masallatai da ciyarwar azumi ba, suna iya sanya firjin rigakafi mai aiki da hasken rana da rijiyar ruwa mai tsabta cikin abin da suke yi wa wakafi. Ƙa'idar da masu ba da shaida suka daɗe a kai ita ce sai an shekara uku cur ba a ga ƙwayar ta asali ba, a jikin yaro ko a ruwan kwatami, tare da sa ido mai inganci, kafin a ce duniya ta kuɓuta, kuma har yanzu ba a fara ƙidayar shekarun nan uku ba.